Sambuk, Jirgin Iska na Bahar Maliya

Sambuk jirgin ruwa ne na katako wanda iska ke turawa. Irinsa ne ya riƙa tsallakar da mahajjatan ƙasar Hausa, masu tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan, daga tashar Sawakin zuwa Jidda, tafiyar sama da kilomita 300.

Ƙarfinsa yana can ƙarƙashin ruwa. Wani dogon katako ya bi cikinsa daga goshi zuwa baya, kamar ƙashin bayan raƙumi. Shi ke rage zamewarsa gefe idan iska ta bugo daga haƙarƙari. Kaya masu nauyi kuwa a ƙasa ake jibge su, don kada ya kife.

Filafilinsa mai kusan kusurwa uku ne, a rataye jikin doguwar sanda karkatacciya. Wannan ƙira ta dace da tekun, domin a arewacinsa iskar arewa ce ta fi yawa, mai nufin Jidda kuma sai ya riƙa yankar ta a kaikaice, yana kauce wa duwatsun murjani.

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Port Sudan a 1909, harkar Sawakin ta ja baya.