Jajayen ƙuraje a ƙirji: wanne ne na gida, wanne ne na likita?

A Takanamat da sauran garuruwan Adar babu wanda bai taɓa ganin ƙuraje sun feso wa yaro ko babba a ƙirji ba. Abubuwa da yawa ne ke kawo su, kuma kowane iri da maganinsa. A baƙar fata jan ba ya fita sosai. Saboda haka mu duba da hasken rana, mu shafa da hannu. Sa'an nan mu yi tambaya guda: akwai masassara ko babu? Amsar wannan tambaya ita ce ke raba mai sauƙi da mai haɗari.

Idan babu masassara

Ƙurajen zafi. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Tawa yakan wuce awo 40. Zufa takan toshe ƙananan ƙofofin fata, sai ƙuraje ƙanana su fito a ƙirji da wuya. Jarirai da ake goyo sun fi samun su. Maganinsu wanka da ruwan sanyi, zama a inuwa da sa tufa marar nauyi. Kada a shafa mai, domin yana ƙara toshe fata. Cikin kwanaki kaɗan sukan baje.

Aikin gona. Ƙaiƙayin hatsi a lokacin sussuka da maganin feshi suna sa fata ta yi ja. Haka ma hangara, ƙwaron nan da ke zuwa idan hatsi ya yi fure. Idan aka murje ta a jiki, ruwanta yana ƙona fata, wurin ya yi bororo. A hure ta, kada a murje. A wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kuma kada a fasa bororon.

Makero. Yana yin zobe, bakinsa da ƙaiƙayi. Ana ɗaukarsa daga mutum, ko daga maraƙi da sauran dabbobi. Likita zai ba da man shafawa na mako 2 zuwa 4. Kada a daina da an ga sauƙi.

Ƙazuwa. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma takan kama tsakanin yatsu. Dole a yi wa dukan mutanen gida magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa, a shanya su a rana.

Idan akwai masassara

A nan ba a jira. Babbar abar tsoro ita ce dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro. Ta fi yaɗuwa da rani. Takan fara da zafin jiki, tari, majina da jan ido. Bayan kwana 3 ko 4 ƙuraje su fito a fuska da bayan kunne, su sauko wuya da ƙirji, su game jiki. Cikin yara 10 da ba su yi allura ba, idan suka zauna da mai dusa, kusan 9 za su kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 dusa ta kashe mutum fiye da 100,000, yawancinsu ƙananan yara.

Wasunmu sukan ɓoye yaro a ɗaki, su hana shi wanka da abinci, wai kada baƙo ya yi fushi. Wannan al'ada tana raunana yaro. Abin da ke kisa shi ne ciwon huhu da gudawa da ke biyo baya, kuma cutar tana iya makantar da shi. A ci gaba da ba shi nono, kunu da ruwa mai tsabta. A goge masa ido da ruwa mai tsabta, kada a ɗiga kome a ciki. A kai shi gidan likita, wato CSI, inda za a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe. A raba shi da sauran yara har kwana 4 bayan fitar ƙurajen.

Ƙarambau ma yakan fara daga ƙirji da baya, amma ƙurajensa masu ruwa ne. A yanke wa yaro farce don kada ya sosa. Kada a ba shi asfirin.

Alamomin da ke sa a tashi ko da dare ne

1. Ƙuraje da masassara mai zafi, ko numfashi da sauri.
2. Tabo masu duhu da ba sa ɓacewa idan an danna, tare da sandarewar wuya. Yana iya zama sanƙarau.
3. Ƙuraje bayan shan wani magani, leɓe ko ido ya kumbura, ko fata ta fara saɓulewa. A daina shan maganin, a tafi da kwalinsa a nuna wa likita.
4. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar wuta, a gefe ɗaya na ƙirjin babba. Maganinsu ya fi aiki cikin kwana 3 na farko.

Idan abin ya fi ƙarfin CSI, za su tura mu babban asibitin Tawa.

Mu guji man shafawa da ƙwayoyin ƴan talla. Wasu mayukan suna kwantar da ja na ɗan lokaci, amma suna ƙara wa makero ƙarfi. Mu tuna kuma, a 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Iyaye maza da mata, mu ɗauko katin awon yaranmu yau mu duba. Allurar dusa sau biyu ce: ta farko yaro na da wata 9, ta biyu cikin shekararsa ta biyu. Wanda ya tafi mashekari da dabbobi bai yi ba, a kai shi da an dawo. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya.