Caterham Academy da Ferrari Challenge: wace ce ta fi gwada direba?

A mafi yawan gasannin tseren motoci, ba wanda zai iya rantsuwa cewa wanda ya zo na ɗaya shi ne ya fi kowa iya tuƙi. Sau da yawa motarsa ce ta fi ta kowa. A gasar Formula 1, kamfanin Mercedes ya ɗauki kofin masu ƙera motoci shekara takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021, kuma a cikin waɗannan shekaru akwai gwanayen direbobi da suka ƙare kaka bayan kaka ba su ko leƙa dandalin karɓar kofi ba, saboda motar da aka ba su ba ta da ƙarfin kai su can. Duk mai kallon sukuwar dawakai ya san wannan: komai gwanintar mahayi, idan dokinsa ba shi da ƙafa, ƙura zai sha.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro gasar da kowa ke shiga da mota iri ɗaya. Kamfani ɗaya ne ya ƙera motocin, samfuri ɗaya ne, an buga wa injin hatimi don kada wani ya buɗe shi ya ƙara masa ƙarfi a ɓoye, tayoyin ma iri ɗaya ake ɗaura wa kowa. Irin waɗannan gasanni suna da yawa a Turai da Amurka da Japan, amma biyu daga cikinsu sun fi jan hankalina, domin alkawari ɗaya suke yi wa wanda tuƙi ba sana'arsa ba ce, sai dai kowace da yadda take cika shi. Ɗaya ita ce Caterham Academy ta Ingila, ɗayar kuma Ferrari Challenge da ta samo asali daga Italiya.

Kowace ta gaji gidansu. Lokacin da Enzo Ferrari ya kafa Scuderia Ferrari a garin Modena a 1929, bai fara da ƙera mota ba. Aikinsa shi ne ya shirya wa attajirai masu sha'awar tsere motocin Alfa Romeo, ya kai musu su filin tsere, ya ba su makanikai, su kuwa su zo su tuƙa. Ferrari Challenge da aka fara a 1993 da samfurin 348, wannan tsohuwar sana'a ce aka farfaɗo da ita. Shi kuwa Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, ya fito ne daga cikin samarin Ingila na bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ke kwance tsofaffin motocin Austin suna sake haɗa su a bayan gida don su yi tsere ranar hutu. A 1957 ya fitar da Lotus Seven, ƙaramar mota marar nauyi mai kujera biyu, ana sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa, abin da ke raba shi da biyan harajin sabuwar mota. A 1973 Graham Nearn, dilan Lotus da ke garin Caterham a kudancin Landan, ya sayi haƙƙin ƙera ta, ta koma Caterham Seven. Har yau siffarta ba ta canza sosai ba.

Abin da ya bambanta Academy, wadda aka fara a 1995, shi ne ƙofar shiga. Sabon shiga kaɗai ake karɓa, wato wanda bai taɓa riƙe lasisin tseren mota ba. Kuɗin da mutum zai biya ya haɗa da motar, da jarrabawar samun lasisi, da ranakun koyo, da kuɗin shiga tseren shekarar. Yana iya karɓar motar a haɗe, yana kuma iya cewa a kawo masa ita cikin akwatuna ya haɗa a garejinsa, kuma da yawa wannan suke zaɓa. Mota ce mai lamba, da fitilu da gilashin gaba, ana iya hawa titi da ita. Shekaru da dama injin Ford mai lita 1.6 da ƙarfin doki 125 aka riƙa sa mata, nauyinta kuma kilo 500 da 'yan kai. Giyar hannu ce da kuloci. Babu na'urar da ke hana taya cijewa idan an danne birki, babu wadda ke rage wuta idan bayan motar ya fara sulɓewa. Abin da ƙafa da hannu suka yi, shi motar za ta yi.

A dokar tsere ta Ingila, sabon direba yana manna wata alama a bayan motarsa, murabba'i mai ruwan ɗorawa da baƙin gicciye a tsakiya, don na baya ya san wanda ke gabansa ɗan koyo ne, har sai ya kammala tsere shida lafiya an sa masa hannu. A ranar farko ta Academy, kowace mota a layin tashi tana ɗauke da wannan alama. Likita ne, akanta ne, ɗan kasuwa ne, duk zuciyarsu tana dukan uku-uku, babu wanda ya san yadda kwanar farko take idan motoci ashirin da wani abu suka nufo ta lokaci ɗaya. Fiye da mutum dubu sun fara tsere ta wannan hanya.

Akwai wata doka da nake ganin ta fi hatimin inji muhimmanci: a Academy ba a yarda mutum ya ɗauko ƙungiyar ƙwararru ta kula masa da mota ba. Makanikan kamfanin suna nan a filin, kuma na kowa ne. Sauran aikin, duba iskar taya, ɗaure noti, canza birki, na direba ne da ɗan'uwansa ko matarsa ko abokin da ya rako shi. Shi ya sa ake aron sifana tsakanin mutanen da za su yi kafaɗa da kafaɗa bayan awa ɗaya.

A Ferrari Challenge lamarin ya sha bamban tun daga ƙofa. Ta hannun dilan Ferrari ake shiga, shi ne ke tsaya wa direba, shi ke da ƙungiyar da za ta ɗauki motar a babbar tirela ta kai ta filayen tsere irin su Monza ko Mugello ko Spa. Motar ba ta hawa titi, don tsere kawai aka yi ta. Bayan 348 an yi F355, sai 360, sai F430, sai 458, sai 488 mai ƙarfin doki 670, sannan a 2024 aka kawo 296 Challenge mai silinda shida da ƙarfin doki 700. Da yatsa ake canza giya a jikin sitiyari, tayoyinta na Pirelli ne marasa zane waɗanda ke manne wa kwalta idan sun yi zafi, fukafukanta kuma suna sa iska ta danna ta ƙasa, yadda za ta sha kwana da gudun da motar titi ba za ta iya ba. Direba ya iso ya tarar an gama komai. Injiniya zai zauna da shi gaban kwamfuta ya nuna masa inda ya taka birki da wuri, mai horarwa zai hau motar ya ajiye masa lokacin da zai yi ƙoƙarin kamowa. Gasar ta bazu: ta Arewacin Amurka ta fara a 1994, ta Birtaniya a 2019, ta Japan a 2023, a ƙarshen kowace shekara kuma duk a haɗu a babban taron da ake kira Finali Mondiali.

To a nan ne alkawarin mota iri ɗaya yake fara rauni. Idan aka daidaita mota aka bar sauran abubuwa a buɗe, kuɗi ba ya barin fagen, wuri kawai yake canzawa. Wanda ba zai iya sayen injin da ya fi na abokin karawarsa ba, zai sayi ranakun gwaji da suka fi nasa yawa, da sababbin tayoyi a kowane gwaji, da injiniyan da ya fi sanin yadda ake saita motar, da mai horarwar da ya taɓa cin kofi. A motar da farashinta ya kai ɗaruruwan dubban yuro, akwai kuma bambancin da ba a rubuta shi a littafin doka: wani yana shiga kwana yana lissafin kuɗin gyara idan aka goge shi, wani kuwa ko motar ta ragargaje an kawo masa wata kafin tsere na gaba. Na biyun zai kutsa inda na farkon zai ɗaga ƙafa, ba don ya fi shi zuciya ba.

Ba za a ce Ferrari ba ta san da wannan ba. Maganinta shi ne ta raba direbobi aji-aji gwargwadon gogewa da sauri: Trofeo Pirelli ga mafi ƙwarewa, Trofeo Pirelli Am, Coppa Shell, da Coppa Shell Am ga waɗanda suka fi kusa da sabon shiga. Tsari ne mai ma'ana, kuma ya cancanci yabo. Dattijon da ya shekara talatin yana gina kamfaninsa, sai bayan ya haura hamsin ya samu sukunin cika burinsa na yarinta, ba a jefa shi gaban saurayin da ya tashi a kan sitiyari. Yana karawa da sa'o'insa, a kan filayen da manyan direbobin duniya suka yi suna, cikin tsaro mai inganci, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. A babban ajin kuma idanun kamfanin suna kan masu tsere. Nicklas Nielsen ɗan ƙasar Denmark ya ci gasar Turai a 2018, Ferrari ta ɗauke shi, a 2024 kuma yana cikin direbobi uku, tare da Antonio Fuoco da Miguel Molina, da suka ci mata tseren awa 24 na Le Mans. Michelle Gatting ta ci Trofeo Pirelli na Turai a 2021, mace ta farko da ta yi haka, Doriane Pin ta biyo bayanta a 2022. Sai dai ya kamata a lura cewa Nielsen ya zo da gwanintarsa ne tun daga tseren ƙananan motoci na yara da gasar Formula 4. Gasar ta nuna shi ga duniya, amma ba ita ta koya masa tuƙi ba.

Koyarwa kuwa, a nan nake ganin ƙaramar motar Ingila ta yi wa ta Italiya nisa. Mota mai ƙarfin doki 700 tana rufa wa mai ita asiri: ya ɓata kwana, ya take totur a miƙaƙƙiyar hanya, rabin asarar ta dawo, na'urori kuma suna gyara masa abin da ƙafarsa ta ɓata. Mai ƙarfin doki 125 ba shi da wannan gata. Idan ya yi asarar gudu a tsakiyar kwana, zai biya ta har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke biye, yana kallon mutum uku suna wuce shi. Tayoyin Academy ma da gangan aka zaɓi marasa kamu sosai, don motar ta riƙa zamewa a gudun da ɗan koyo zai iya tarar ta, ya ji a jikinsa inda iyakar take.

Ga kuma batun iska. Seven ba ta tsaga iska da sauƙi, gilashinta a miƙe yake, tayoyin gabanta a waje. Saboda haka motar da ke gaba ita ke dakon iskar, wadda ke bin ta daf da daf tana samun sauƙi, ta tara gudu, ta fito gefe ta wuce. Wannan ya sa da wuya wani ya tsere wa sauran ya ɓace. A filaye irin Snetterton da Silverstone sai ka ga motoci biyar ko shida a dunƙule tun daga tashi har tuta, jagoranci yana canza hannu a kowane zagaye, kuma wanda ya shiga zagayen ƙarshe a gaba sau da yawa ba shi ke cin tseren ba. Mutum yana koyon haƙuri, da karanta niyyar na kusa da shi, da barin wa abokin karawa faɗin mota ɗaya. A Ferrari Challenge ma ana gwabzawa, amma faɗin motocin da tsadarsu da dogaronsu ga iskar da ke danna su ƙasa sun sa bin juna kurkusa ya fi wuya, matsayin da mutum ya samu a gwajin share fage kuma ya fi yin tasiri a sakamako.

Ita ma Academy ba ta rasa nata aibin. Araharta a bakin masu tsere ne kawai, domin kuɗin shiga ya kai dubban fam masu yawa, kuɗin da zai sayi sabuwar motar iyali mai kyau, ban da mai da masauki da gyara. Mai hali da lokaci yana iya biyan ƙarin ranakun gwaji, ya kuma ɗauki darasi wurin gwani, don haka ko a nan aljihu yana magana, sai dai da ƙaramar murya. Tara sababbin shiga wuri ɗaya yana nufin karo a kwanar farko ba baƙon abu ba ne. Kuma matashin da ke mafarkin zama ƙwararren direba mai albashi ba nan ce hanyarsa ba, domin irin waɗannan tun suna 'yan shekara takwas ko tara suke farawa.

Duk da haka, idan tambayar ita ce wace gasa ce ta fi kusantar cika alkawarin cewa direba ake gwadawa, ni Academy zan nuna. Ferrari ta daidaita mota, sannan ta raba mutane aji-aji don rage ratar da ta rage. Caterham ta daidaita mota, ta daidaita gogewa, ta kuma rufe ƙofar da kuɗi ya fi saurin shigowa ta cikinta, wato ƙungiyar ƙwararru. Wanda ya riga ya iya, yake da mai ɗaukar nauyinsa, yake son manyan kamfanoni su gan shi, Trofeo Pirelli ta fi masa amfani. Wanda bai taɓa tsayawa a layin tashi ba kuma yake son ya san gaskiyar iyawarsa, ƙaramar motar ce za ta gaya masa. Shekara ɗaya tak ake yi a Academy, ba a maimaitawa, amma ba a jefar da motar: ana canza mata tayoyi da 'yan kayayyaki ta shiga gasar Roadsport a shekara ta biyu, daga nan a ƙara mata ƙarfi ta hau 270R, sannan 310R, mai ita yana ci gaba da karawa da yawancin mutanen da suka fara rana ɗaya da shi.