Ziyarar Ruga A Ƙasar Kankiya Da Kusada

Kai mai karatu, kullum kana shan fura da nono, amma ka taɓa kai 'ya'yanka inda a ke tatsar nonon? In ba ka taɓa ba, to ga yadda za ka yi.

Kankiya tana kan hanyar Katsina zuwa Kano, Kusada kuwa tana gabas da ita. Lokacin da ya fi kyau ga ziyara shi ne kaka, bayan an cire amfani, sa'ad da Filani kan sauka cikin gonaki, shanu su ci kara, gona ta sami taki. Kada ka tashi haka kawai. Fara zuwa wurin mai unguwa, ya haɗa ka da wanda ya san Arɗo, gama tun wajen 2011 satar shanu ta ɓata zaman daji a ƙasar Katsina, baƙon da ba a sani ba kuwa ba a sakin jiki da shi.

Hanyar da za ka bi sunanta burtali, watau hanyar shanu wadda a kan shinge da aguwa dama da hagu. Ka nuna wa yara faɗinta. Inda ka ga ta tsuke, wani manomi ne ya ci ta da garma, daga nan kuwa yawancin faɗan manoma da makiyaya ya ke tasowa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma doka ba ta tsare burtali sai mutanen gari sun tsare shi.

Ka yi sammako, don da safe a ke tatsa. Ka yi sallama daga nesa, ka tsaya sai an amsa. Kada ka tambayi Bafilatani yawan shanunsa, wannan rashin ladabi ne. Za ka tarad da maruƙa ɗaure a dangwali. Yara suna iya shafa su in mai shanu ya yarda, amma kada su kusanci saniya mai sabuwar haihuwa. A kan saki maraƙi ya ɗan tsotsa, nono ya sauko, sa'an nan a janye shi a tatsa cikin ƙwarya. Fararen shanun nan Bunaji ba su da nono da yawa, amma suna jure rani.

Maza ke tatsa, amma nono na mata ne. Madarar da ta kwana ta yi barci ba a cire mata mai ba, ita ce kindirmo. In an kaɗa an kwashe man shanu, abin da ya saura shi ne nonon da a ke kaiwa kasuwa. Kada ka ba yaro ɗanyar madara sai an tafasa, gama akwai tarin fuka na shanu da ya kan kama mutum ta wannan hanya.

To, ina cuku? Filanin wannan ƙasa ba su cika yinsa ba, don gari na kusa, nono na ƙarewa ran da aka kai shi. Cuku sana'ar Buzaye ce ta wajen Tawa da Agadas, inda kasuwa ke da nisa. Su kan daskarar da madara da ɗan abin da a ke samu cikin tumbin ɗan akuya mai shan nono, su shimfiɗa ta fale-fale bisa tabarma ta bushe, ta yi watanni ba ta lalace ba. A kan daka shi cikin fura, ko a ci da shayi. Filanin ƙasar Ilori kuwa da ruwan tumfafiya su ke daskarar da tasu, a kira ta wara. Awarar da yara ke saye bakin hanya ta waken suya ce, ba madara cikinta.

In za ka koma, sayi kindirmo da man shanu wurin uwargida, ka biya kuɗin kasuwa, ka kuma bar goro ga maigida. Ka taho da ƙwaryarka, don ba za ta ba ka tata ba.