Zarton lantarki na yanka ƙarfe: abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Yawancin masu walda da ke aiki a gida da giranda suke yanka ƙarfe. Tana da sauri, amma tana cin faifai, tana watsa tartsatsi, kuma bakin yankan ba ya fita daidai. Shi ya sa wasu ke neman zarton nan mai ruwa kamar ɗamara, wanda 'yan kasuwa a Yamai, Garwa da Njamena ke kira scie à ruban.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen na katako don ya fi araha. A ido duk kamarsu ɗaya, gudun ne ya bambanta. Ruwan zarton kafinta na gudun kusan mita 900 a minti ɗaya, alhali ƙarfe ba ya son fiye da mita 20 zuwa 70. Idan aka ɗora ƙarfe a kan na katako, haƙoran za su yi zafi su dakushe nan take.

Ga ƙaramin shago, wanda ya fi dacewa shi ne ɗan injin da ake kira 4x6, mai yanka ƙarfe har milimita 100 da 150. Gudunsa uku ne, ana sauyawa ta hanyar matsar da bel. Yana sauka da nauyin kansa, ya kashe kansa idan ya gama yanka, mutum kuwa na can yana wani aikin. Ƙafafunsa dai na falle ne marar ƙwari. Gara a haɗa masa wasu da walda. A kuma buɗe akwatin giya a sauya mai kafin a fara aiki.

Sai maganar ruwan zarto, inda arha ke zama tsada. Wanda ke zuwa da injin ba ya jimawa. A nemi mai rubutun M42, kuma a tabbatar ana samun tsawonsa, milimita 1640, a kasuwar garin, don injin da sai an yi odar ruwansa daga Kano ko Duwala zai yi makonni a ajiye. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su taɓa ƙarfen a lokaci ɗaya: bututu marar kauri na son haƙora 18 zuwa 24 a inci, ƙarfe mai kauri 10 zuwa 14. Sabon ruwa kuma a hankali ake fara masa, ba a danna shi.

Mai sayen na hannu ya duba lambar da ke jikin injin. Na Amurka volt 120 yake sha, wutar Nijar, Kamaru da Chadi kuwa 220 ce. Idan da janareta za a yi aiki, a nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin sau biyu ko uku, domin lokacin tashi ne ya fi jan wuta.