MU YANKA KWANO BA TARE DA ƁARNA BA

'Yan'uwa manoma na Ƙaraye da Rogo, in kaka ta gabato ƙungiyoyinmu sukan sayi kwano domin rufin sito, da murfin rumbu, da mazubin abincin kaji. Kwano kuwa da tsada. Falle ɗaya in ya ɓaci wajen yanka, kuɗin dukanmu ne ya tafi. Ga aibu huɗu da maganinsu.

1. Baki mai ƙaya. In almakashi ya dakushe, ko notin tsakiyarsa ya saki, sai ya riƙa tauna kwano maimakon yanka. Mu wasa shi, mu ɗaure notin. Mu gwada a kan guntun da ba a so tukuna.

2. Tsagewa. Wannan yakan faru in mun rufe almakashi har tsininsa. Mu tsaya da sauran kamar rabin inci, mu buɗe, mu tura gaba.

3. Murɗewa. Siririn yanki ya fi saurin murɗewa. Mu shimfiɗa kwano a kan katako, wani ya danne mana. In ya lanƙwashe, mu miƙe shi da gudumar itace, gama ta ƙarfe tana ƙuje tutiyar da ke hana tsatsa.

4. Tsatsa. Daga bakin yanka takan fara. Mu goge bakin da magagari, mu shafa fenti kafin damina.

Mu auna sau biyu, mu ja layi, kāna mu yanka. In mun gama, mu tsince guntaye saboda ƙafafun yara da dabbobi.