YADDA AKE FAHIMTAR SAKAMAKON GWAJIN JININ 'YAN WASA

'Yan kokawa, 'yan dambe da masu ninƙaya da ke fafatawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da kuma 'yan ƙwallon da ke atisaye a filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi, sukan je gwajin jini idan gajiya ta ƙi sakinsu. Sai dai ma'anar sakamakon ta danganta ƙwarai da lokacin da aka ɗebi jinin.

Gwajin da aka fi sani shi ne PCV, wanda ke nuna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗan wasan da ya zubar da gumi jininsa kan yi kauri, sai adadin ya hau, alhali ƙishirwa ce kawai. Shi kuwa wanda ya daɗe yana atisaye, ruwan jininsa kan ƙaru, adadin ya ɗan sauka ba tare da wata cuta ba. Saboda haka ya fi kyau a ɗebi jini da safe, bayan hutun kwana biyu, a kuma gwada shi da sakamakon mutumin na baya.

Haka kuma sinadarin CK, da ke fita daga tsokar da ta sha wahala, yakan hau sosai kwana ɗaya zuwa uku bayan wasa mai tsanani, sannan ya sauka da kansa. Amma idan fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi, ga ciwon tsoka, a garzaya asibiti, domin ƙoda na cikin haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar himogulobin ƙasa da giram 13 ga namiji, 12 ga mace, a matsayin ƙarancin jini. A kwarin Rima, bai kamata a yi saurin ɗora laifin a kan atisaye ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa jajayen ƙwayoyi, tsargiya kuma, wadda ake ɗauka a ruwan kogi da fadamun shinkafa, tana zubar da jini ta fitsari sannu a hankali. Maganin ƙarin jini na kemis ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu. Likita ne zai sa a gwada fitsari da zazzaɓi.

Ana kuma shawartar kowane ɗan wasa ya san rukunin jininsa. Mai AS yana iya wasa, amma ya riƙa shan ruwa, kuma ya dakata da zarar ƙafafunsa sun fara sanyi a cikin zafin rana.