Doki Bayan Hawa: Kwance Sirdi da Linzami

Doki yana cikin dabbobi ƙalilan da suke huce zafin jiki ta hanyar gumi kamar ɗan Adam. Idan yana hutawa a turke, zuciyarsa takan buga sau 28 zuwa 44 a minti guda, amma a tsakiyar sukuwa takan haura 200. Shi ya sa dokin da ya dawo daga kilisa ko hawan sallah yakan iso barga sharkaf, farin kumfa ya taru a wuyansa da tsakanin cinyoyinsa. A wannan lokacin ne ake gane wanda ya san doki. An ce dokin mai baki ya fi gudu, to amma cika baki ba ya kwance sirdi.

Mahayin ƙwarai ba ya zame doki a ƙofar gida ya dire nan take. Yakan bar shi ya yi tafiyar sannu har numfashinsa ya daidaita. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, don haka buɗewar hancinsa da motsin haƙarƙarinsa su ne ma'aunin gajiyarsa. Bayan an sauka, sai a sassauta majayi kaɗan, a bar sirdin a kansa na ɗan lokaci. Tsofaffin masu kula da barga suna cewa bayan da ya daɗe a danne, in aka yaye shi farat ɗaya, yakan yi kumburi.

Kafin a taɓa linzami, sai an zarga ragama a wuyan doki. Wanda ya cire linzami babu ragama a hannu ya saki dabbarsa ke nan, ingarma kuwa in ya ji haniniyar goɗiya ba ya jiran kowa. Ana tsayawa ta gefen hagu, daf da kafaɗa, domin doki ba ya ganin abin da ke gaban goshinsa sosai ko bayan wutsiyarsa, kuma abin da ya zo masa ta inda ba ya gani shi yake kai wa harbi.

A bakin doki akwai giɓi tsakanin haƙoran gaba da na tauna, inda babu komai sai dasashi a kan ƙashi. Nan ƙarfen linzami yake zama. Linzamin gargajiya na ƙasar Hausa mai kaifin aiki ne: yana da zobe da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa, wanda ke sa doki ya tsaya cak a gaban sarki lokacin jafi. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, bakin doki ma da ƙyar yake ɗauka. Saboda haka ba a fizgarsa. Ana zame madaurin ta bayan kunnuwa, a sauko da shi sannu a hankali, a jira doki ya buɗe baki ya saki ƙarfen da kansa. In ƙarfe ya bugi haƙori sau ɗaya, doki ba ya mantawa. Gobe in ya hangi linzami sai ya ɗaga kai sama ya ƙi karɓa. Bayan an cire linzamin, sai a duba gefen leɓe da harshe ko akwai yanka.

Sirdin Hausa itace ne a ciki, mai dogayen kwacciya gaba da baya, ga zubka a ƙarƙashi, ga jalala da sauran kayan ado a ranar hawa. Yana da nauyi. Ana ɗage likkafu don kada su bugi ciki, a kwance majayi, sannan a ɗaga sirdin sama kafin a janye shi, ba a jan sa a kan ƙashin baya. Shatin gumin da ya bari abin karantawa ne. In duk wurin ya jiƙe daidai, sirdin ya zauna lafiya. In aka ga wani ɗan wuri a bushe a tsakiyar jiƙa, nan ne itace ya danne fata. In ba a gyara ba wurin zai zama miki, in ya warke kuma farin gashi ne zai tsiro, tabon da ba ya ɓacewa ko a bayan akawal.

Da zarar an sauke kaya, doki yakan nemi yashi ya yi birgima, ya tashi ya girgije. Bai kamata a hana shi ba, domin ta haka yake busar da gumi da sosa inda sirdi ya matsa. Sai a wanke shi, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya a cire tsakuwa ko ƙaya.

Ruwa ana ba shi kaɗan-kaɗan har ya ƙoshi, hatsi kuwa sai ya huce sarai. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake saurin kashe shi. Harawa ko ingirici ake fara zuba masa, dusa da dawa su biyo baya. Kanwar da masu doki suke jiƙa masa tana mayar da wani ɓangare na gishirin da ya fita da gumi.

A fadojin Kano, Katsina da Zazzau, inda Shamaki yake kula da dawakin sarki, wannan aiki yakan kai dare a ranakun hawa, bayan 'yan kallo sun watse. Kayan ma ba a jibge su haka nan. Ana wanke ƙarfen linzami don kada yawu ya bushe a kansa ya yi tsatsa, a shanya zubka a inuwa, a shafa wa fatun mai saboda hunturu yana fasa su, sannan a rataye sirdi nesa da ƙasa inda gara da ɓera ba za su kai gare shi ba.